Malama Binta da Borin Jinina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iso mana Karare. Malama Binta, mai koya mana bayoloji a Batsari, ta rasu bayan gajeriyar jinya.

Ni dai na gaji. Ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Inna sana'arta ƙuliƙuli. Duk ranar da na taya ta, jikina sai ya tashi da borin jini, maƙogwarona ya shaƙe. Inna ta ce tsutsar ciki ce, ta yi ta ba ni maganin tsutsa. Da abin ya ƙi, ta ce ƙiwuya ce, so nake in koma ɗaki da littafin soyayya.

Malama ce ta lura da kumburin idona a aji. Ta kai ni asibiti da kanta, aka ce gyaɗa ce jikina ba ya so. A hanyar dawowa ta ce:

"Hindatu, Innarki ba ta yi nisa da gaskiya ba. Akwai ƙwayoyin halitta masu gadi da aka haife mu da su, a fata da hanji. Su ke fara jin shigowar tsutsa, su yi kururuwa. Sai na bayansu su zo su koyi kamanninta, su riƙe. Naki masu gadin kuwa, gyaɗa suka yi wa kururuwa."

Na ce, "Malama, ba za su manta ba?"

Ta yi dariya. "Ina! Kamar samarin littattafanki ne, gani ɗaya sun riƙe."

Ganinmu na ƙarshe a bakin ƙofar makaranta ne, ranar hutu. Ta san ba na iya ɗaga ido in yi wa Inna musu. Ta ce, "Kafin a cire gyaɗa zan zo gidanku da kaina in yi mata bayani."

Gyaɗa ta shigo gida shekaranjiya.

Ɗazu Inna ta turo mini tiren gyaɗa. Na faɗa mata duk abin da Malama ta ce, har kururuwar. Sai ta janye tiren, ta ce, "Jeki ki surfa gero. Allah Ya jiƙan malamar nan."

Allah Ya gafarta miki, Malama, Ya haskaka kabarinki. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce.