Na'Allah Mai Dashe da Mazan Dabino

Ina sabuwar amarya a Illela na fasa tulun uwar mijina a bakin rijiyar fadama. Santsi ya ɗebe ni, tulun ya tarwatse, zanena ya jiƙe, mata na kallo. Na rasa inda zan sa fuskata. Sai wani dattijo ya fito daga shingen ƙaya da ke dab da rijiyar, ya duƙa yana tsince tsingaron.

"Amarya, kin hutasshe ni," ya ce. "Tun jiya nika biɗar hwasasshen tulu in zuba ƙasa ciki. Mu yi musanya."

Ya shiga ya ɗauko nasa tulun lafiyayye, ya cika, ya aza mini. Da na isa gida tsohuwa ta dubi tulun, ta dube ni, ta ce, "Wanga na Na'Allah ne." Ba ta ƙara ba.

Shi ne Na'Allah mai dashe, Allah shi jiƙan shi. Gajere ne, tafin hannunsa duk faso. Sana'arsa renon itatuwa tun suna ƙwaya. Cikin shingen nan ya jera fasassun tukwane da tsofaffin ƙore ƙarƙashin rumfar kara, kowane da ɗan tsironsa: lalle, zogale, tsamiya, kanya, kurna, magarya. Irin gawo cikin kashin awaki yake tsintarsa, ya ce wanda bai bi ta cikin akuya ba nawar fitowa gare shi. Ranar kasuwa ya ɗora wa jaki, ya zauna kusa da masu fura. Da fari dariya aka riƙa yi masa, wai wa zai sayi icce ga daji Allah ya cika. Amma matan gari na son lalle a bayan ɗaki, magidanta na son inuwa a ƙofar gida, kuma an gane ba ya ɓoye aibin kayansa. In tsiro ya yi rauni zai ce maka, "Bar wanga, ba shi kai damina." Har ya zama in ana gardama kan icce, da an ce Na'Allah ya faɗa sai a yi shiru. Ba shi da gona mai kirki, ba shi da ɗa namiji. Wannan yardar ita ce abin da ya mallaka.

Bayan Nasara sun ci Sakkwato, anka zo ana tara duwatsu arewa da gari, wai nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransi. Sai ayarin Azbinawa sunka riƙa yada zango wurinmu kafin su wuce, dabino ya yawaita a kasuwa, ƙwallonsa ko'ina a ƙasa. Na'Allah ya bi yana tsincewa. Kowa ya san dabino akwai mace akwai namiji, kuma namiji ba ya 'ya'ya. Shi kuwa ya gaji wata dabara wurin mahaifinsa: ƙwallon da ya yi gajere mai zurfin tsaga mace ne, dogo mai tsini namiji. Na sha ganinsa zaune kan buzu yana warewa, yana kai kowane kusa da ido, dogayen ya watsar. Da zuciya ɗaya ya yarda da abin. Ya rene su, ya sayar, kowa ya ce masa mace ce. Mutanen Illela sunka saya, na Garu da Amarawa ma haka. Maigidana ya sayo ɗaya, ya dasa bayan ɗakina, ni ke ba shi ruwan wanke-wanke.

Dabino ba ya gaggawa. Yaran da anka haifa shekarar dashen sai da sunka isa aike kafin ya yi fure. Waɗansu sunka ɗauki 'ya'ya. Fiye da rabi kuwa sai wani fure mai gari kamar na dawa, ya bushe, shi ke nan. Namu yana cikinsu.

Maƙwabciyata Tasalla, mai fura, ba ta iya riƙe baki. A gaban jama'a ta ce masa, "Baba, ɗiyar da ka aurar muna ta hito da gemu." Kasuwa ta ɗauka. Yara na binsa suna shafa haɓa. Ba wanda ya ce ya yi ha'inci, an san shi, amma bai ji da sauƙi ba. Ya daina zuwa kasuwa. Maigidana ya ce ko a masallaci ya koma sahun baya, ana sallamewa ya sulale.

Sai ya ɗauki gatari. Gida-gida ya bi, ya yi sallama, ya durƙusa wa wanda ya isa ya haifa ma, ya nemi gafara, ya sare namijin, ya dasa tsamiya ko kanya a gurbinsa kyauta. Waɗansu sunka ce ya bari, ai ko inuwa ce an samu. Ya ce ba zai iya wucewa yana ganin ƙaryarsa tsaye a gidan mutum ba. Gindin dabino ba ya saruwa da daɗi, zare ne cunkus, gatari sai ya riƙa dawowa. Haka tsohon nan ya yi rani guda yana fama, har Garu da Amarawa a ƙafa.

Cikin wannan ranin Allah ya karɓi maigidana. Ranar da Na'Allah ya iso ƙofarmu ina cikin takaba, babu namijin da zai shigo da shi. Na ji ya jingine gatarin, ya yi mini gaisuwa ta bayan zana, ya yi addu'a mai tsawo, ya tafi bai ambaci dabino ba.

Da shekara ta kewayo, matan dabinon da sunka yi 'ya'ya bara sunka sake fure. 'Ya'yan sunka fito ƙanana, babu ƙwallo ciki, sunka zube tun suna kore. Ko gida ɗaya bai tsira ba. Aka ce sammu, aka ce ruwan rijiya ne ya canza.

Tasalla ce ta kawo mini yadda ta ƙare. Wani Ba'azbine mai gishiri, Mukhtari, yana shan fura wurinta ya ji ana zancen. Ya tambayi ina mazan suke. Aka ce an sare. Ya aje ludayi, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

"Duka? To ku da wa kuke jira shi yi muku aikin? Kun taɓa ganin garin mata zalla an yi suna?"

Ya ce su can da hannu suke ɗebo furen namiji su sa cikin na mace. Na'Allah na tsaye bayansa, ranar ce ma ya fara komowa kasuwa da lallensa. Tasalla ta ce nan take ya juya. Ya kwashe kayan ya ɗora wa jaki, rana ko tsaka ba ta yi ba. Ita kanta, da bakin nan nata, ta ce ranar ta kasa ɗaga kai.

Bayan la'asar na ji sallamarsa. Na zo bakin zaure na tsaya daga ciki, na gaishe shi.

"Ɗiyata, kin ji abin da ni aikata?"

"Na ji, Baba. Ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce, amma hannuna ar riƙe da gatarin."

Ya riƙa tonon ƙasa da yatsan ƙafa. Maganar da ya zo da ita ba irin wadda dattijo ke yi da matar da mijinta ya rasu ba ce. Ya fara, ya tsaya, ya koma tambayar lafiyar yara. Ni ma kunya ta rufe ni, na ja mayafi, na ce, "Namijin namu yana nan, Baba. Ba a taɓa shi ba."

Ya rayu shekaru bayan haka. Kowace shekara in fure ya fito yakan zo da 'yar wuƙa da ƙwarya, ya yanka, ya bi gidajen nan da ya bi da gatari, yana ɗaura wa matan. Dabino ya komo, mutane sunka ci, sunka manta. Shi bai manta ba. Bai sake sayar da dabino ba, bai sake komawa sahun gaba ba, kuma in aka tambaye shi kan icce sai ya ce, "Haka nika zato, Allah ne masani."

Abin da ya roƙe ni ranar nan a bakin zaure, kansa a sunkuye, shi ne:

"Ki bar ni in riƙa ɗibar hurenai. Kuma don Allah, ɗiyata, kar ki bari kowa shi sa mai gatari. Ko ni na zo na ce a sare, ki hana ni."