Sanyin Da Ashe Wuta Ne

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin ya fara ina da shekara talatin da 'yan kai, ina toya masa a bakin gidanmu da ke Ƙofar Wambai, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da hannuna. Tanda mai gida goma sha biyu nake juyawa, ina yi ina hira da masu saye, ko ɗaya ba ta ƙonewa. Har daga unguwar Ɗan Iya ma'aikata ke tsayar da keke su sayi ta karyawa kafin su wuce ofis. Da wannan hannun nake rufa wa kaina da 'ya'yana asiri.

Wata safiya na tashi yatsun hannuwana biyu sun sandare, na kasa riƙe cokalin juyi sai da hantsi ya yi. Gwaggona, wadda ta koya mini sana'ar, ta duba ta ce sanyi ne, ruwan da nake wanke shinkafa da shi ne ya shige mini ƙashi. Ban yi musu ba, don sunan ciwon ke nan a bakin kowa, kuma duk wanda aka ce masa sanyi, wuta zai nema. Na shiga gashi da ruwan zafi, na shafa man zafi, na sha citta da kanumfari har harshena ya gaji. Yatsuna kuwa a bakin murhu nake kara su kamar mai gasa masara. Nakan ɗan ji sauƙi, sai in ce ga shi nan sanyin yana fita. Maigidana ya yi mini maganar asibiti ya fi a ƙirga, ni kuma in ce masa ciwon da kakanninmu suka sani ba sai an kai shi ko'ina ba. Shekara huɗu na yi ina wannan taurin kai.

Ranar da na sallama, cokali ne ya suɓuce mini, na kasa ɗauka, ina ji ina gani tanda guda ta ƙone a gaban mutane. Wani dattijo da ya daɗe yana saye ya ce in bari, ba komai, gobe ma rana ce. Tausayin nan nasa ya fi zagi yi mini ciwo. Washegari na bi maigidana asibiti.

Likitar mace ce. Da na ce mata sanyi ke damuna, sai ta kama bayan hannuna na hagu ta ɗora a kan gaɓar da ta kumbura a na dama, ta tambaye ni me nake ji, sanyi ko zafi. Zafi ne rau. Shekara huɗu da ciwon nan a jikina, ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba.

Bayan gwajin jini da hoto ta zaunar da ni. Ta ce a cikin jininmu akwai ƙwayoyin da ke gadin jiki, kuma suna magana da juna. Idan ɗaya ta ga abin da take zargi, sai ta saki wani ɗan sinadari da ido ba ya gani, shi ne saƙonta. Saƙon ya je ya manne a jikin wata ƙwayar, ita ma ta saki nata, haka har masu gadi su cika wurin, jini ya taru, gaɓa ta yi zafi ta kumbura. Ta ce a nawa jikin kuskure suka yi, shimfiɗar da ke cikin gaɓoɓina suka ɗauka baƙuwa. Kamar a yi ihun ɓarawo a unguwa, kowa ya karɓa ya fito da sanda, alhali mai gidan ake duka. Saƙon da ya kamata ya ce a tsaya an gama, shi ne ba a ji, masu gadin suna ta cin guringuntsi da ƙashi. Gashi yana sassauta ciwo, amma ba ya kashe ihun.

Na zauna ina kallon yatsana ina tasbihi a zuci. Ashe a cikin ɗan wurin nan akwai masu aike da masu karɓa, ana ta kai da kawowa ban sani ba. Ni da nake zuba ɗan yis a ƙullu in ga roba ta cika ta tumbatsa, ai na fi kowa sanin abin da ƙaramin abu ke iya tayarwa. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, ta ce har an yi magungunan da ke tare saƙon a hanya, da waɗanda ke toshe wa ƙwayar kunne.

Ta ɗora ni a kan maganin da ke rage hayaniyar, ina zuwa ana duba jinina. Kumburin ya sauka, na koma bakin tanda da cokalin da na naɗa wa tsumma don ya yi kauri. Amma yatsuna biyu na dama sun riga sun karkace, kuma ta faɗa mini gaskiya cewa da na zo a watannin farko da wuya su kai haka. Ban ga laifin gwaggona ba, abin da ta gada ta ba ni. Laifina ne da na yarda da suna na ƙi yarda da abin da fatata ke ji.

'Yan'uwa, wanda duk ke tashi da safe yatsu a sandare, gaɓoɓi a kumbure, kada ya tsaya ga sunan da aka raɗa wa ciwon. Ya ɗora bayan hannunsa a wurin, in ya ji zafi ya nemi likita tun da wuri. Ni yanzu kullum na ɗaga hannu zan yi addu'a, yatsun nan biyu nake fara gani.