Mai Sauraro a Tashar Kankiya

Rauda na jiran motar Kusada, idonta na kan wani saurayi siriri mai gilashi, takardar jirgi ɗaure jikin akwatinsa. Direba ya ce a ƙasar waje yake karatun magance damuwar zuciya, hutu ya zo.

Wata tsohuwa na ba shi labarin rasuwar ɗanta. Rauda na jiran ya ce "sai haƙuri" kamar kowa, magana ta ƙare. Sai ya durƙusa, ya ce, "Allah ya jiƙansa, Inna. Wane irin yaro ne?"

Tsohuwar ta kama labari, har da dariya.

To, wannan ake ƙetare teku a koyo? Rauda dai ta matsa kusa, sunan marigayi mijinta na bakinta.