Naman Kaka na Sakkwato, shi yana gonar albasa

"Ai an riga an cire, mi za ni komawa yi?"

Abin da kakana ya ce mani ke nan yau, a gonarshi ta albasa a Goronyo. Kullutu ya fito mashi a wuya, anka yanki ɗan nama kamar ƙwayar wake a asibitin Sakkwato, anka ce a dawo jin sakamako. Shi ko ya dawo gida ya yi sadakar samun lafiya!

Na ce, "Kaka, ba magani anka yi maka ba. Na karanta, naman nan cikin kaki irin na kyandir ake daskare shi, a fere shi siriri ya fi ɓawon albasa, a rina, a duba da madubin likita ko ciwon daji ne."

"Kai da karance-karancenka! Zamanin Nasara ina yaro, likita ya tsage wa babana maruru a Wurno, bai ce a dawo ba."

"To shafa wuyanka. Wanga maruru ne?"

Ya shafa. Kullutun har ya ƙaru. Can sai ya ce, "Bari a cire albasa tukuna."

Jama'a, ku da mi kuke lallashin tsofaffinku? Ciwon nan ba ya jiran albasa.