Zuwa Minna Don Sa Hannu a Yi wa Hadiza Tiyata

Daga Kwantagora

Ana kiran assalatu na isa tasha, ana yayyafi. Mijin 'yata Hadiza, Sani, tela a unguwar Dutsen Kura a Minna, shi ya bugo mini: naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, likitoci sun ce sai tiyata. Na ce a yi. Mahaifinsa, Alhaji Umaru, ya karɓi wayar ya ce, "Malam Bala, maganar wuƙa ba ta waya ba ce. Sai ka zo da ƙafarka." Mota ta ƙi cika, na biya kuɗin kujera biyu muka tashi.

Tegina

Ruwan watan Yuli ya cinye hanya. A kowane shinge sai an leƙa but ɗin mota, an tambayi abin da ke cikin buhu, ni kuwa kamar in fita in tura motar. Kusa da ni akwai wani malamin tarihi da ke koyarwa a Bosso, can Minna, mutum mai kirki, sai dai bakinsa ba ya hutawa. Da ya ji abin da ya fito da ni ya ce, "Ka san da sunan wa Turawa suke kiran aikin nan? Kaisar, sarkin yaƙin Rumawa. Watan nan na Yuli da muke ciki ma sunansa na farko ya ci. Har sarakunan Jamus da na Rasha sun ari sunansa sun mai da shi sarauta."

"Shi ma fiɗa aka yi aka ciro shi?"

"Haka ake faɗa, amma da wuya. Uwarsa ta daɗe a duniya, a zamaninsu kuwa ba a tsaga mace sai an fid da rai da ita."

Ya dubi fuskata. "Yanzu fa ba haka ba ne, Baba," in ji shi. Na sani, amma na juya ina kallon hanya.

Zungeru

Taya ta fashe kafin gada. Direba ya ce, "Haƙuri, yanzun nan." Na sayi ƙosai na riƙe har ya huce, na ba malamin. Sani ya sake bugowa: bugun zuciyar ɗan yana raguwa. Na ce, "Kai ne mijinta, ka sa hannu!" Ya ce Alhaji na tsaye a kansa. Ban taɓa jin haushin biyayya irin na ranar nan ba.

Minna

Rana ta take muka shigo ta Bosso. Na hau Keke zuwa asibiti, ban tsaya karɓar canji ba. Alhaji Umaru ya miƙe zai fara gaisuwa, na wuce shi, na ce da Sani, "Ina takardar?" Aka kawo, aka sa hannu, aka shiga da Hadiza.

Bayan azahar wata nas ta fito. Hadiza ta rayu. Ɗan, namiji, bai zo da rai ba. Kafin la'asar muka rufe shi, ni na ɗauko shi a hannu, ba nauyi. Alhaji ya ce, "Haka Allah ya ƙaddara." Na ce haka ne, ban ƙara ba, don abin da ke bakina ba na maƙabarta ba ne.

Na kwana a shagon Sani tsakanin kekunan ɗinki. Da safe Hadiza ta kama hannuna ta ce, "Baba, ka sha hanya." Ita ce ma take yi mini sannu.

Gida

Da magariba na sauka Kwantagora. Na gode wa Allah da ya bar mini 'yata, na gode wa likitocin, da malamin da ya biyo ni asibiti da yamma ya yi mini ta'aziyya. Na iske uwar Hadiza tana ɗura yajin jego a gwangwani. Na ce, "Wannan kuma fa?"

Ba ta ɗago ba. "Gobe zan kai mata. Ai ta haihu."