Waken da ke cikin toka

Ranar mu biyar ne a tsakar gidana a Jiratawa: ni, da ɗiyata, da mijinta mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Tsibiri, da yayana Alhaji da ya zo daga unguwar Zariya ta Maraɗi, sai jikata, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, kwance a tabarma ƙafafunta sun kumbura. Shekarar fari ce, soja na mulki, jar dawar taimako muke ci.

Mushe ya zauna nesa da ni kansa a ƙasa, kamar yadda ya kamata ga suruki. Ya ce a asibitin Maraɗi an nuna masu hoton abincin da gwamnati ta tsara wa yara: kunu kaɗai ba ya gina jiki, sai an sa wake ko gyaɗa.

Duk mun san waken da yake nufi. Tulu guda ne a ɗakina, irin shuka, binne cikin toka, na liƙe bakinsa da laka. In aka ci shi, ba abin da za a sa a ƙasa in ruwa ya dawo.

"Bara da madarar gari mutanen gwamnati suka zo," na ce. "Suka ce ita ce lafiya. Yara suka yi ta zawo, bana sun ce a bari. Wa ya gwada wannan na yanzu, a kan ɗan wa?"

"Inna, likitoci ne suka bincika," in ji Mushe.

"A Jiratawa?"

Alhaji ya yi dariya. "Wanda ya zana hoton nan ko daka bai taɓa gani ba. Da fura muka girma, ga mu."

"Mu nawa aka haifa, Yaya, mu nawa muka girma?"

Dariyar ta tsaya. Ya waiga wajen ƙofa ya ce mu sassauta murya, zancen gwamnati ne.

Ɗiyata ta matsa kusa da tabarmar. Sai ta jawo ƙafar yarinyar ta danna da babban yatsa, ta ɗaga. Ramin ya zauna, bai cike ba. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ban yarda da hotonsu ba, har yau ban san wa ya gwada shi ba. Amma kunun jar dawa ni na gwada shi da hannuna, ga kuma abin da ya yi.

Da safe na fasa lakar, na tankaɗe tokar, na ɗebi rabin waken na jiƙa. Sauran na sake liƙewa. Na ce wa ɗiyata yarinyar a ɗakina za ta zauna, ni zan riƙa dama kunun, ni zan riƙa danna ƙafar.