Ɗakin Da Aka Toshe Wa Inna

Mun daɗe da barin wancan gida, har unguwar ma mun bari, amma akwai wata safiya ta lokacin sanyi a Madina da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Idan na gaya wa 'yan'uwana na Kano cewa ana sanyi a Madina, dariya suke yi, don labarin zafinta kaɗai ke isa wurinsu. Wanda ya taɓa zama a tsofaffin gidajen unguwar Harra ta Gabas ba zai yi dariya ba. Gidan da muke haya a lokacin an gina shi tun kafin a haife ni. Bangonsa na riƙe sanyi kamar randa, tagoginsa na katako duk sun tsage, ƙarƙashin kowace ƙofa kuma hannu na iya shiga. Mu huɗu ne a ciki: ni, maigidana wanda ke tuƙa motar dabino a wata gona a Awali, 'yarmu da ke firamare, sai mahaifiyarsa da muke kira Inna. Ita mutuniyar Maraɗi ce, ta zo ƙasar nan tun tana da ƙarfinta, tsufa ya riske ta a nan.

Shekarar nan sanyi ya zo da wuri. Mun gwada hita ta lantarki, amma wayoyin gidan sun tsufa, da an kunna sai wuta ta ɗauke. Maigidana ya samo daffaya, wato hita mai aiki da tukunyar gas, aka ajiye ta a ɗakin Inna, saboda ita ce gwiwoyinta ke hana ta tashi idan gari ya yi sanyi. To amma ɗakin ba ya riƙe ɗumi. Abin da daffayar ta hura, iska ta shigo ta kwashe. Tukunyar da ke kai mu nesa a girki, a ɗakin Inna ba ta jimawa take ƙarewa. Albashin direba kuwa an san iyakarsa. Maigidana bai taɓa ƙorafi a gabanta ba, amma ita ba yarinya ba ce, tana ganinsa yana hawo bene da tukunya a kafaɗa bayan ya yini a hanya. Sai ta fara kashe daffayar da rana, ta duƙunƙune cikin bargo, idan na yi magana ta ce ai ba ta jin sanyi, alhali yatsunta kamar ƙanƙara.

Maigidana ya je wurin mai gidan hayar ya roƙi a gyara tagogi, aka ce a bari sai bayan sanyi. Wata Juma'a da ya sauko daga masallaci, sai ya ce shi zai gyara da kansa. Ya tattaro tsummoki da kwali da leda, ya bi kowace tsaga ya cusa, ya liƙe tagar da salatif, ya shimfiɗa tsohon bargo a ƙasan ƙofa. Har wata 'yar kafa da ke can sama kusa da rufi, wadda muka ɗauka tsufan gini ne, ya hau kujera ya toshe ta. Wallahi ranar murna muka yi. Ɗakin ya yi ɗumi, gas ya daina gudu, Inna ta cire safa ta miƙe ƙafafu tana sa masa albarka. Jikarta ta dawo nan da yin karatu, kakar na yi mata Hausa tana amsawa da Larabci, suna ta faɗansu na kullum.

A kwanakin da suka biyo baya duk wanda ya daɗe a ɗakin sai ya fito da ciwon kai. Inna ta riƙa yawan gyangyaɗi. Muka ce mura ce ta shigo gari, na dafa citta da lemon tsami. Babu wanda ya taɓa gaya mana wani abu daban, mu kuma ba mu san akwai abin tambaya ba.

Safiyar da abin ya faru, maigidana ya tashi jikinsa ba daɗi, ya kira wurin aiki ya ce ba zai iya kai kaya Khaibar ba. Ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya kwanta a kan darduma, ya ja ƙofa. Na kai musu shayi, na ɗauki yarinya zuwa makaranta. Ina fita Inna ta ce, “'Yar nan, ki taho mini da biredi mai zafi, kada ki karɓi na jiya.” Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan.

Layin gidan biredi ya yi tsawo, na kuma biya kasuwa. Hantsi ya ɗaga sosai kafin in dawo. Na yi sallama, shiru. Da na tura ƙofar ɗakin, wani ɗumi mai nauyi ya bugi fuskata. Daffayar na ci, harshen wutarta rawaya. Inna na jingine da bango, carbi a hannunta, kamar mai barci. Maigidana na kife kusa da ƙofa, hannunsa ɗaya a miƙe, alamar ya yi yunƙurin fita. Na girgiza shi, na kira shi, bai motsa ba. Ni kaina sai na ji jiri na ɗibata.

Ban san yadda na sauka bene ba. A ƙasan gidan akwai wani tela, Bahaushen Chadi, dattijo mai shiru wanda gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Kowa a layin ya san iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, yana jiran a sabunta masa, don haka ko motar hukuma ya hango daga nesa yakan sauke ƙofar shago. Ya dube ni sau ɗaya ya bar keken ɗinkinsa ya haura a guje. Ya kashe gas, ya sa gwiwar hannu ya fasa tagar, ya jawo maigidana zuwa tsakar gida, ya koma ya ɗauko Inna a hannu. Da wayarsa ya kira motar asibiti. Wani maƙwabci ya raɗa masa cewa ya koma shago kafin su iso, za a yi tambayoyi. Ya girgiza kai ya ce, “Matar nan ba ta iya bayani a halin da take. Ni na gani, ni zan faɗa.” Ya tsaya har aka ɗauke su, jini na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Cikin ikon Allah babu wanda ya tambaye shi takarda.

Maigidana ya farfaɗo bayan la'asar. Inna ba ta farfaɗo ba. Likitar da ta yi mini bayani ta ce wutar gas idan ta rasa iska takan fitar da guba marar wari marar launi, mutum ya yi ta shaƙa yana jin barci kawai. Ta ce 'yar kafar nan ta sama ba tsufan gini ba ce, maginan zamanin da ne suka bar ta da gangan.

An yi wa Inna salla a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa ta dace da makwanci, kuma gaskiya suka faɗa. Amma maigidana bai ji ko ɗaya ba. Ranar da aka sallame shi daga asibiti ya shiga ɗakin ya riƙa fizge tsummokin da hannu har faratansa suka yi jini. Ya yi watanni ba ya cin abincin kirki. Yakan zauna ya ce shi ya kashe uwarsa da hannunsa don tsimin gas. Na yi ta ba shi baki, malamai suka yi masa nasiha, bai saurara ba.

Telan nan ne ya shawo kansa. Wata yamma ya hawo, ya zauna kusa da shi ya ce, “Ɗan'uwa, ni ma ɗakina a toshe yake tun farkon sanyi, da 'ya'yana a ciki. Ranar nan na buɗe shi. Gidaje da yawa a layin nan ranar suka buɗe nasu. Kai ɗumi ka nema wa mahaifiyarka, kuma Allah ya san abin da ka nufa.” A ranar ne na fara ganin maigidana ya yi kuka sosai, daga nan kuma ya fara dawowa cikin mutane.

Yanzu muna gida mai ƙofofi masu kyau, amma har gobe ba a kunna daffaya a wurina sai taga na buɗe, ko da gas zai ƙare a yini ɗaya. Duk shekara idan sanyi ya kawo jiki, nakan bi gidajen 'yan'uwanmu, musamman sababbin zuwa, in ba su labarin nan ko da na san zai tayar mini da hankali. Abin da na koya shi ne kyakkyawar niyya ba ta tsare mutum daga abin da bai sani ba. Wanda Allah ya sanar da shi, ko ta hanya mai ɗaci, ba shi da ikon yin shiru yana kallon maƙwabcinsa na toshe taga. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta.